Mai Lamba Uku: Tarihin Dale Earnhardt Da Yadda Ake Tuna Direba

Gabatarwa

Wata ranar Alhamis da la'asar ina zaune ƙofar gida a Kalgo, sai ga wani ɗalibina na aji biyar tafe da wayar yayansa a hannu. Bayan mun gaisa ya durƙusa ya nuna mini wani ɗan majigi. Motoci ne birjik suna gudu a jere, sai wata baƙa mai lamba 3 ta karkace, ta je ta bugi bango, ta gangaro cikin ciyawa ta tsaya. Ba ta kife ba, ba ta kama wuta ba.

Ya ce, "Malam, wai an ce wannan ɗan karon ne ya kashe direban da ya fi kowa suna a Amurka. Ni dai ban yarda ba. Ai mun sha ganin wanda ya fi shi a hanyar Jega, mutane su fito suna karkaɗe riga."

A ranar ban ba shi amsa ba. Amma tambayar ta tsaya mini a rai, domin ta tuna mini da kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya yi zamani a tashar Gwandu da motarsa Peugeot 504, wadda muke kira fijo. Shi ma gwani ne, shi ma mota ce ajalinsa, shi ma har yau ana labarinsa. Wannan ya sa na bi diddigin mai lamba 3, watau Dale Earnhardt, sai na tarar abin lura bai tsaya ga yadda ya rayu ba, har da abin da mutanensa suka yi da mutuwarsa.

Asalin Wasan

Kafin mu shiga labarin mutumin, ya kamata mai karatu ya san filin da ya yi suna. Tsakanin 1920 da 1933 gwamnatin Amurka ta haramta sayar da barasa. Mutanen duwatsun kudancin ƙasar, waɗanda dama sun saba dafa tasu a ɓoye, suka shiga fasa-ƙwaurinta zuwa birane cikin dare. Ko bayan an ɗage haramcin ba su daina ba, saboda gudun haraji. To, mai wannan sana'a yana bukatar mota wadda a ido ba ta da bambanci da ta kowa, amma injinta ya fi na 'yan sanda ƙarfi. Ranar Lahadi kuma sai samarin nan su taru a wani fili su gwada wa ya fi wani. Ɗaya daga cikin manyan gwanayen farko, Junior Johnson, har gidan yari ya shiga a 1956 saboda harkar barasar gidansu.

A cikin Disamba 1947 wani bakanike mai suna Bill France ya tara direbobi da masu motoci a garin Daytona Beach na jihar Fulorida, suka tsara dokoki, aka kafa ƙungiyar NASCAR a Fabrairu 1948. Sharaɗin farko na babban rukuninta shi ne a yi tsere da irin motar da kowa zai iya saye a kasuwa. Daga baya motocin sun koma ƙira ta musamman, sai dai fatar waje ta ci gaba da kama da motar gida. Wannan ne ya sa talakan Amurka ya ɗauki wasan nasa ne.

A 1959 aka buɗe babban filin Daytona. Zagayensa mil biyu da rabi ne, kimanin kilomita 4, kuma an gina kwanoninsa a jirkice kamar gefen ƙwarya don mota ta sha kwana ba tare da rage gudu ba. Gasar da ake kira Daytona 500 zagaye 200 ce, mil 500, watau sama da kilomita 800. Ita ce ake buɗe shekara da ita, ita ce kuma mafi daraja.

Ɗan Garin Masaƙa

An haifi Dale Earnhardt ranar 29 ga Afrilu 1951 a Kannapolis, wani garin masaƙar auduga a jihar Karolina ta Arewa. Mahaifinsa Ralph ya yi aikin masaƙa, sa'an nan ya bari ya koma tsere a ƙananan filaye, yana gyara motarsa da kansa a garejin bayan gida. Har ya zama zakaran wani rukuni na NASCAR a 1956. Masu iya magana sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaron ya tashi cikin baƙin mai da sifana, ya bar makaranta tun bai gama sakandare ba, alhali mahaifinsa bai so haka ba. A matsayina na malami ba zan wuce nan ban faɗa ba cewa shi kansa daga baya ya sha nuna nadamar barin karatun.

Mahaifin ya rasu a 1973 da ciwon zuciya yana da shekara 45. Dale ya shiga shekarun wuya, yana aikin walda da gyaran taya, yana cin bashi ya sayi kayan mota da fatan ya ci tseren ƙarshen mako ya biya. Ya fara shiga babban rukuni a 1975 a filin Charlotte, ya zo na 22. Sai a 1979 ya sami mota ta dindindin, ya ci gasarsa ta farko a Bristol, aka zaɓe shi gwarzon sababbin shiga. Shekara na zagayowa, a 1980, ya zama zakaran shekara gaba ɗaya.

Yadda ake zama zakara a zamaninsa shi ne, ana yin gasa wajen 30 daga Fabrairu zuwa Nuwamba, ana tara maki. Earnhardt ya ɗauki wannan kambu sau 7: a 1980, 1986, 1987, 1990, 1991, 1993 da 1994. Kafinsa Richard Petty kaɗai ya kai haka, bayansa kuma sai Jimmie Johnson a 2016. Jimlar gasar da ya ci a babban rukuni 76 ce. Shida daga cikin kambunan nan ya same su ne da motar Chevrolet mai lamba 3 ta maigidansa kuma amininsa Richard Childress, wadda aka mai da ita baƙa ƙirin tun daga 1988.

Amma ba yawan nasara kaɗai ya ba shi suna ba, har da halin tuƙinsa. Idan ya biyo ka a baya ba ya jira ka ba shi hanya. Zai manne maka, ya ɗan taɓa bayan motarka har ta yi rawa, ya wuce. Saboda haka suka yi masa laƙabi da ma'anarsa ita ce Mai Razanarwa, wasu kuma suka ce Kan Ƙarfe. Rabin 'yan kallo na sonsa kamar rai, rabi na yi masa ihu. A manyan filaye irin su Daytona da Talladega motoci kan bi juna a jere, domin ta gaba tana keta iska, ta baya ta sami sauƙi. Ya gwanance da wannan dabara har magoya bayansa na cewa yana ganin iska da idonsa. A nasararsa ta ƙarshe, a Talladega cikin Oktoba 2000, ya taso daga na 18 ya zama na ɗaya a cikin 'yan zagaye biyar na ƙarshe.

Taurin ransa ma abin faɗi ne. A 1996 ya yi mummunan haɗari a Talladega, ya karye a ƙashin wuya da na ƙirji. Mako biyu bayan haka ya shiga mota a wani filin, ya fi kowa gudu a gwajin share fage.

Shekara Ashirin Ana Neman Abu Ɗaya

Duk da wannan ɗaukaka, Daytona 500 ta ƙi shi. A 1986 mai ya ƙare masa ana dab da gamawa. A 1990 shi ne a gaba kusan tun farko har zagayen ƙarshe, saura kamar mil guda ya taka wani guntun ƙarfe, taya ta fashe, wani direba da ba a sa rai ba, Derrike Cope, ya wuce. A 1991 ya bugi tsuntsun teku, gaban motar ya lalace. Haka aka yi ta yi har abin ya zama abin zolaya.

Sai ranar 15 ga Fabrairu 1998, a karo na 20, ya ci. Abin da ya biyo baya ba a saba ganinsa ba. Makanikai da ma'aikatan dukan motocin da ya kayar suka fito suka yi sahu, yana tafe a hankali da hannu a waje suna taɓawa ɗaya bayan ɗaya. Har waɗanda ya sha turewa sun tsaya a layin. Mahaƙurci mawadaci.

Ranar 18 Ga Fabrairu 2001

A wannan rana motoci 43 suka tashi. Earnhardt yana da shekara 49, kuma ya riga ya kafa kamfanin tsere nasa, ko da yake shi kansa motar Childress yake tuƙawa. Saura zagaye ƙasa da 30 aka yi babban haɗari da ya haɗa motoci kusan 20. Motar Tony Stewart ta tashi sama ta yi ta juyi a kan sauran. Kowa ya ce ya mutu, amma ya tsira da raunin da bai taka kara ya karya ba.

Da aka shiga zagayen ƙarshe, motoci biyu na gaba duk na kamfanin Earnhardt ne. Na ɗaya Michael Waltrip, wanda ya yi gasa 462 bai taɓa ci ba. Na biyu ɗansa na cikinsa, Dale ƙarami. Shi uban yana na uku, ayari na matsa shi ta baya. A kwanar ƙarshe motar Sterling Marlin ta ɗan taɓa bayan tasa. Ta zame ƙasa, ya murɗo sitiyari, ta juyo ta haura, motar Ken Schrader ta same ta a gefe, ta daki bangon kankare da goshi tana gudun kimanin kilomita 250 a awa. Waltrip ya ci, ana ta murna, yayansa Darrell da ke sharhi a talabijin yana kuka don farin ciki. Schrader ne ya fara isa tagar baƙar motar. Da ya leƙa sai ya ɗaga hannu yana kiran masu agaji da gaggawa. An kai shi asibiti, aka tabbatar da mutuwarsa da yammacin ranar.

To, ga amsar tambayar ɗalibina. Motar da ke juyi tana tarwatsewa, ƙarfin gudunta yana fita ne kaɗan-kaɗan, kowane juyi ya rage wani abu. Wadda ta daki bango kuwa a take ake ƙwace mata gudu, cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Ka dubi yarinya ɗauke da tulu idan ta yi tuntuɓe: ƙafa ta tsaya, tulu bai tsaya ba. Haka jikin direba yake ɗaure da kujera, ya tsaya tare da mota, amma kai, da nauyin hular kwano a bisansa, ya ci gaba da tafiya. Wuya ya miƙe fiye da ƙima, gindin ƙoƙon kai ya tsage. Wannan raunin ne ya kashe shi.

Abin takaici, ba shi ne na farko ba. A shekarar 2000 kaɗai irin wannan rauni ya kashe direbobi uku: Adam Petty, jikan Richard Petty, ɗan shekara 19, a watan Mayu, Kenny Irwin a Yuli, da Tony Roper a Oktoba. Kuma maganin yana nan. Tun cikin shekarun 1980 wani malamin jami'a, Robert Hubbard, tare da surukinsa direba Jim Downing, suka ƙirƙiro wani abin wuya mai suna HANS. Ana ɗora shi a kafaɗa, bel ya danne shi, a ɗaure hular kwano da shi ta yadda kai ba zai fizge ya bar jiki ba. Amma a ranar nan waɗanda suka sa shi ba su kai 10 ba. Earnhardt yana cikin masu ƙinsa, yana ganin takura ce, hatta hular kwanonsa irin ta dā ce mai buɗaɗɗiyar fuska. Ƙungiyar kuwa ta bar wa kowa zaɓi. Gemun 'yan'uwa uku ya kama wuta, ba wanda ya shafa wa nasa ruwa.

Tunawa Iri Biyu

Jama'arsa sun tuna shi ta hanya biyu. Ta farko ita ce wadda muka sani, ta juyayi da yabo. Duk tsawon shekarar 2001, idan aka kai zagaye na uku a kowace gasa, sai 'yan kallo su miƙe su ɗaga yatsu uku, masu sharhi su yi shiru. Childress ya ajiye lambar, ya yi wa motar farin fenti da lamba 29, ya ba wani matashi Kevin Harvick, wanda ya ci gasar Atlanta mako uku bayan rasuwar. Dale ƙarami ya koma Daytona a Yulin shekarar ya ci. An kafa wa marigayin gunki a Daytona da Kannapolis, aka sa shi cikin mutum biyar na farko a zauren gwarazan NASCAR a 2010. Lamba 3 ba ta koma babban rukuni ba sai 2014, a hannun Austin Dillon jikan Childress, wanda ya ci Daytona 500 da ita ranar 18 ga Fabrairu 2018, shekara 17 cif da rasuwar. Juyayin ma ya zo da nasa hauka, domin wasu sun yi ta aika wa Marlin barazanar kisa, sai da ɗan marigayin ya fito ya ce kada a ɗora wa kowa laifi.

Hanya ta biyu ita ce tambaya. An tarar ɗaya daga cikin igiyoyin bel ɗinsa ta rabu, aka yi ta gardama ko ita ce sanadi. Jaridu suka matsa, aka kira masana, aka auna motar, aka fitar da rahoto a Agusta 2001. Duk da haka sai da wani direban, Blaise Alexander, ya mutu da irin raunin a Oktoba, a gasar wata ƙungiya, kafin NASCAR ta wajabta abin kare wuya a cikin watan. Daga nan gyara ya biyo gyara. Aka sa wa motoci na'urar da ke rubuta ƙarfin karo. Masana a Jami'ar Nebraska suka ƙera bango mai sassauci, na bututun ƙarfe da soso a bayansa, wanda ke shanye wani kaso na bugu. An fara kafa shi a Indianapolis a 2002, sauran filaye suka bi. Aka sake ƙirar kujera, a 2007 kuma aka fito da sabuwar mota da aka matsar da direba zuwa tsakiya.

Sakamakon shi ne, aka shafe sama da shekara 20 ba a rasa direba ko ɗaya a cikin tsere ba a manyan rukunoni uku na NASCAR. A 2020, a filin nan dai, a zagayen ƙarshe dai, motar Ryan Newman ta daki bango, ta kife, wata ta buge ta daidai gefen direba. Bayan kwana biyu ya fito daga asibiti da ƙafarsa, riƙe da hannun 'ya'yansa mata biyu. Mutumin da ya ƙi abin kariya yana raye, mutuwarsa ce ta tilasta wa kowa shi.

Mu A Nan Gida

Mu ma muna da gwanayen tuƙi, kuma mun san darajarsu. Marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya wasa direbobi, waƙar Bawa Direba shaida ce. A jiharmu ma akan haɗa tseren motoci da bikin kamun kifi na Argungu. Amma ainihin filin tserenmu kwalta ce, daga Gwandu zuwa Birnin Kebbi, daga Kalgo zuwa Jega ko Bunza. Bambancin shi ne, direban Daytona shi kaɗai ne a motarsa, kuma shi ya zaɓi kasadar. Namu yana ɗauke da mutum biyu a gaba, huɗu a baya, da goyo, da buhun shinkafa.

Kawuna ya yi suna ne da sauri. Fasinja kan ƙi motar da ke kan layi su jira tasa, wai shi ne zai kai ka Sakkwato ka gama sha'aninka ka dawo kafin magariba. Mu yara idan ya shigo gari sai mu bi ƙurarsa muna yi masa kirari. Ina aji biyu na sakandare tayarsa ta gaba ta fashe yana cikin gudu. Shi da fasinja uku ba su tashi ba. An yi zaman makoki, aka ce kwana ya ƙare, kuma gaskiya ne. Amma ban ji wanda ya tambayi shekarun tayar ba, ko gudun da yake yi, ko dalilin da ya sa aka tsince shi nesa da motar alhali akwai bel a kujerarsa. Har yau idan na je Gwandu tsofaffin tasha sukan ce mini, "Ɗana, ba a sake yin kamar kawunka ba." Saurinsa suke nufi. Matarsa da 'ya'ya biyar da ya bari ba su shiga labarin.

Ba doka muka rasa ba. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel a 2003. Shi bel ɗin nan mai bi ta kafaɗa da ƙugu tun 1959 kamfanin Volvo ya fito da shi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana iya rage haɗarin mutuwa da kusan rabi. Rahotonta na 2023 ya nuna mutum kimanin miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a nahiyarmu ce ta fi kowa. Amma dukanmu mun san yadda ake yi. Idan an hango jami'ai sai direba ya yafa bel a ƙirji kamar rawani, an wuce ya yar. Fasinjan da ya ce a rage gudu kuwa, 'yan'uwansa fasinja ne za su fara ce masa matsoraci. Ni kaina na sha yin shiru don kunya.

Ba wanda ke ja da ajali. Amma addininmu ya koya mana a ɗaure raƙumi tukuna sa'an nan a yi tawakkali. Tambayar me ya jawo haɗari ba jayayya da ƙaddara ba ce, haƙƙin wanda zai hau motar gobe ne.

Kammalawa

Da na gama bincikena na kira ɗalibin nan na ba shi amsa, har da misalin tulu. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, ashe gwani ma ruwa kan ci shi." Na san dalilin damuwarsa, domin burinsa idan ya gama makaranta ya karɓi motar yayansa.

Shawarata ga shugabannin tasha da mu marubuta ita ce, idan gwani ya faɗi a yi masa addu'a, a faɗi alherinsa, amma kuma a zauna a tambayi abin da ya faru, a rubuta, a gaya wa yaran mota. A kuma fara yi wa direban da ya shekara 30 a hanya bai zubar da jinin kowa ba kirari, tun yana raye. Allah Ya jiƙan kawuna da waɗanda suka tafi tare da shi, Ya kai matafiya gida lafiya, amin.